Jirgin Da Bai Sauka A Kisanga Ba

"Riƙe mazurarin da kyau, Binti Sefu, hannunki rawa yake yi!"

"Hannuna ba ya rawa. Kai ne kake zuba mai idonka yana wani wurin."

Dilawar ya yi murmushi, ya ci gaba da tsiyaya fetur daga garwa. Man yana bi ta lallausar fatar da aka ɗaure a bakin mazurarin, don kada ko ɗigon ruwa ya shiga injin. Suna durƙushe a inuwar fiffiken jirginsa, a filin saukar Kisanga, hantsi ya fara zafi.

"To ina kike so in kalla? Shekara guda ina kallon daji da duwatsu daga sama. Idan na sauka kuma a hana ni kallon abin da na zo dominsa?"

"Fetur ka zo sha."

"Akwai fetur a Dodoma, Zuhura."

Karo na farko ke nan da ya kira sunanta kai tsaye, maimakon Binti Sefu, wato 'yar Sefu. Mazurarin ya karkace, mai ya zuba a ƙasa.

"Yau zan yi wa Mzee, babanki, magana," ya ce a hankali. "Kafin in tashi."

"Ba zai yarda ba..."

"Ke fa?"

Ba ta samu damar amsawa ba. Wata murya ta tsaga filin daga bakin hanya.

"Zuhura! La'ilaha illallahu! Yau na ga abin da ya fi ƙarfin idona! Gwiwa da gwiwa da Ba'indiyen sama, da rana tsaka?"

Shangazi Mwamini ce, yayar mahaifinta, wadda ta rene ta tun rasuwar uwarta. Ta ƙaraso tana haki, ta fizgi hannun Zuhura.

"Barka da hantsi, Mama," in ji Dilawar, ya miƙe cikin ladabi.

"Ban haife ka ba! Ka sha manka ka tashi, kamar yadda shirwa take yi idan ta gama ɓarna."

Ta ja yarinyar suka nufi gida. Zuhura ta waiwayo sau ɗaya, ta gyaɗa masa kai. Wannan ce amsarta.

A shekarar 1935 Kisanga ba wani gari ba ne. Kanti ɗaya, masallaci ɗaya, sai filin da aka share don ƙananan jiragen da ke bi tsakanin Dodoma da Mbeya. Mzee Sefu, mahaifin Zuhura kuma mai kantin, shi ke ajiye garewanin fetur, shi ke kula da filin. Aikin ba wuya, amma rai ne a cikinsa. Idan ƙasa ta bushe, a tayar da hayaƙi da ɗanyen ganye a gefen fili, matuƙi ya ga inda iska ta nufa, ya sauka. Idan ruwan sama ya mayar da filin taɓo, a shimfiɗa dogayen fararen akoko guda biyu a gicciye a tsakiya. Duk matuƙin da ya hango su ya san an ce masa kada ya sauka, ya wuce. Da ƙafafun Mzee suka fara ciwo, sai ya bar wannan aikin a hannun Nassoro, ɗan Shangazi Mwamini, wanda kowa ya ɗauka shi ne mijin Zuhura tun suna yara.

Dilawar kuwa ɗan Nairobi ne. Ubansa maƙerin reluwe ne, shi kuma makanikin mota. Ya sayi jirgin da wani Bature ya kayar, ya yi shekara biyu yana haɗa shi da hannunsa, sannan ya fara kai wa 'yan kasuwa wasiƙu da magunguna har wuraren haƙar zinariya. Ranar da ya fara sauka a Kisanga, mai gadin masaukin baƙi ya ce ɗakunan na Turawa ne. Mzee Sefu ya shimfiɗa masa tabarma a barandar kanti, Zuhura ta kawo shayi da mandazi, wani irin fanke. Daga nan ne abin ya fara.

Da azahar Dilawar ya cire takalmansa, ya zauna a gaban Mzee, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Mzee ya daɗe yana jan carbi.

"Dilawar, ba ni da abin da zan faɗa a kan addininka ko halinka. Amma 'yata guda ce. Ina gidanka?"

"Ina da ɗaki a Nairobi, Mzee."

"Kwana nawa kake yi a cikinsa a wata?"

Dilawar ya sunkuyar da kai.

"Ka gani? Yanzu kuma na ji wai Kef za ka, can kudu a ƙarshen ƙasa. Me ka ajiye a can?"

"Ban ajiye komai ba. A kowane fili na sauka sai an tambaye ni ina maigidana mai jirgin. Ina so in kai wannan jirgin bakin tekun kudu in dawo da shi, ni kaɗai, don yaron da zai zo bayana kada a yi masa wannan tambayar."

"Sannu, jarumi!" Shangazi ta jefo daga bayan labule. "Ita kuma ta zauna tana kallon gajimare, ko? Ga Nassoro da gonarsa da shanunsa, ɗan gida, kullum ana ganinsa."

"Mwamini, bari in gama," Mzee ya ce. Ya juya ya kira, "Zuhura, zo nan."

Ta fito kanta a sunkuye.

"Kin ji duk abin da aka faɗa. Wa kike so?"

"Baba..."

"Faɗi, uwata. Ba zan doke ki ba."

"Shi nake so, Baba."

Shangazi ta rafka salati, ta ce an gama da yarinyar da asirin Indiyawa. Mzee bai kula ta ba.

"To ka je Kef ɗinka," ya ce wa Dilawar. "Idan ka dawo, ka aiko mini da rana. Idan ka sauka a filin nan a ranar da ka faɗa, zan san kai mutum ne da za a iya jira, a ranar zan ɗaura muku aure. Idan ranar ta wuce ban gan ka ba, maganar ta mutu."

"Na yarda, Mzee."

Da za shi tashi, Zuhura ta kai masa ƙunshin dabino har gindin jirgi.

"Me zan kawo miki daga Kef, rabin raina?"

"Kanka."

"Wannan dole ne. Sai me?"

Ta yi ɗan tunani, ta yi dariya. "Keken ɗinki. Idan za ka riƙa barina ni kaɗai, ai gara in sami abin yi."

"An gama!"

Nassoro ne ya tayar da hayaƙi a ranar. Yana tsaye a gefe yana kallonsu.

Mako bakwai Zuhura tana ƙirga kwanaki. Shangazi ba ta bar ta ta huta ba.

"Wataƙila yanzu yana can ya auri wata mai jan kunne."

"Wataƙila, Shangazi."

"Ko kuma kura ta daɗe da gamawa da shi."

"Allah ya fi kura."

Nassoro ma ya tare ta a bakin rijiya.

"Dada, ƙanwata, me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba, Kaka Nassoro. Kaka nake ce maka don kai yayana ne, kuma haka za ka zauna a zuciyata."

"Ni na koya miki hawan jaki. Ni na ɗauke ki a baya ranar da kunama ta harbe ki. Shi me ya yi miki, ban da ƙarar inji?"

"Ban sani ba. Wallahi da abin zaɓi ne, da na sauƙaƙa wa kowa."

Ya ɗauki tulunta ya kai mata har gida, kamar yadda ya saba.

A mako na bakwai direban lori ya kawo wasiƙa daga Mbeya. Layi uku ne. Ya kai Kef, ya taɓa ruwan tekun da hannunsa. Zai sauka a Kisanga ranar Alhamis da hantsi. A gaya wa Binti Sefu abin da ta aike shi yana nan.

Mzee ya karanta, ya yi hamdala, ya sa aka yanka akuya biyu.

Ranar Alhamis gidan ya cika tun da safe. Ana dafa shinkafa da madarar kwakwa a tsakar gida, liman da dattawa suna baranda tare da Mzee. Zuhura tana ƙuryar ɗaki, inda amarya take zama ba ta leƙa waje, mata sun sa mata lalle hannu da ƙafa. Rani ne sosai, wata uku ba a ga ɗigon ruwa ba. An tura Nassoro fili shi kaɗai, ya tayar da hayaƙi.

Ita ta fara jin ƙarar, tun kafin kowa.

"Ga shi nan!"

Mata suka ɗauki guɗa.

Ƙarar ta matso, ta bi ta kan gida, ta zaga. Zuhura ta san jiragen nan kamar muryoyin 'yan gidansu. Idan jirgi zai sauka, injin yakan sassauta, ya koma kamar mai tari. Ta kasa kunne tana jira.

Bai sassauta ba.

Ya sake zagayowa.

"Me ya sa bai sauka ba?"

"Zauna, amarya, lallenki zai ɓaci!"

"Akwai hayaƙi? Wata ta leƙa mini, akwai hayaƙi?"

Wata ta leƙa ta taga. "Ban ga komai ba..."

Zuhura ta miƙe. Shangazi ta tare ƙofa.

"Ina za ki? Amarya ba ta fita!"

Ta ture ta, ta fita da gudu, ba takalmi, ta ratsa ta gaban liman da dattawa. Tun daga bakin fili ta hango su. Fararen akoko biyu a gicciye, an danne su da duwatsu, a kan busasshiyar ƙasa.

"Wayyo Allah! Nassoro!"

Jirgin yana zagaye na uku, ƙasa ƙasa. Ta cire mayafinta tana kaɗawa da dukan ƙarfinta, tana gudu, tana ihu.

"Sauka! Dilawar, ka sauka! Ƙarya ce!"

Ta kai ga ƙyallen, ta fizge ɗaya, ta faɗi, ta tashi ta ja ɗayan. Kafin ta ɗago kai jirgin ya miƙe arewa. Ta tsaya tana kallonsa yana ƙanƙancewa, har ya ɓace a bayan duwatsu.

Nassoro yana tsugune a gindin wata bishiya, ga tarin ɗanyen ganyen da bai kunna ba.

"Me ka yi?"

"Dada..."

"Me ka yi, Nassoro?"

"Zai wuce Dodoma ne kawai! Kullum yana cewa idan ya cika tanki a Mbeya yana kai shi Dodoma. Zai sha mai a can, ranar ta wuce, shi ke nan. Ban yi nufin komai ba sai wannan, na rantse!"

Mzee Sefu ya ƙaraso yana dogara sanda, dattawa a bayansa. Ya dubi ƙyallen, ya dubi ɗan 'yar'uwarsa.

"Shekara tara ina riƙe da filin nan," ya ce. "Ban taɓa yi wa mai jirgi ƙarya ba, ko wanda ya zage ni. Tashi ka bar gabana."

Ya juya ga 'yarsa. "Kada ki yi kuka, uwata. Ya cika alkawarinsa, mu muka saɓa. Ko yaushe ya dawo, ke tasa ce."

Juma'a ta wuce. Asabar ta wuce. Ba jirgi, ba saƙo.

Ranar Lahadi direban lori ya tsaya a ƙofar kanti, ya cire hularsa kafin ya yi magana. Jirgin bai kai Dodoma ba. Mai ya ƙare masa saura kaɗan, ya faɗa cikin ƙaya da duwatsu. Makiyaya ne suka ɗauko matuƙin a kan fatar shanu har bakin hanya. Yana asibiti, da ransa, amma ƙirjinsa ya murƙushe.

A wannan lorin Mzee da Zuhura suka tafi.

Sun same shi a gadon ƙarshe, kusa da taga, an naɗe shi tun daga wuya har ciki. Da ya gan ta sai ya juya fuskarsa ga bango.

"Dilawar..."

"Me ya kawo ku? Ai na ga saƙon."

"Ba saƙonmu ba ne! Nassoro ne, shi kaɗai. Baba yana baranda da liman suna jiranka. Dubi hannuna!"

Ta miƙa masa tafukanta. Lallen ya kama a wasu wurare, a wasu ya goge. Ya daɗe yana kallo.

"Na gan ki kina kaɗa mayafi," ya ce a hankali. "Na ɗauka kora ta kike yi."

"Ni? Ni zan kore ka?"

"Daga sama ba a jin murya, Zuhura."

Ta durƙusa a gefen gadon. "Me ya sa man ya ƙare? Kai da kake cewa tankinka yana kai ka Dodoma?"

Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya sarƙe shi.

"Filin Mbeya a kan tudu yake, jirgi ba ya tashi da nauyi a can. Keken ɗinkin da akwatin kayanki sun kai nauyin garwa biyu. Sai na bar garwa biyu a ƙasa. Na ce ai Kisanga zan sauka, can akwai mai riƙe mini mazurari."

Zuhura ta toshe bakinta.

"Kada ki ɗora wa kanki. Akwai abin da ya fi wannan." Ya numfasa da ƙyar. "Na san filin a bushe yake. Na ga ƙura tana tashi a ƙarƙashin ƙafafunki. Da na so, da na sauka lafiya lau."

"To me ya hana ka?"

"Daga nan zuwa Kef, fili shida aka ce in sha mai in yi gaba. A wani garin a ƙarƙashin fiffike na kwana, kare yana kwance a barandar da aka hana ni. Duk na haƙura, ina cewa akwai fili ɗaya a duniya da ake jirana. Da na hango ƙyallen nan a kan busasshiyar ƙasa... na ce ba zan sauka inda ba a so na ba. Ba zan sake ba."

"Kuma ka san manka ba zai kai ba?"

"Na sani."

Ta miƙe tsaye, hawaye yana zuba, muryarta ta cika ɗakin.

"Girman kai! Da ka sauka ka tambaya! Da ka sauka ka zage mu! Mako bakwai ina shan gori saboda kai, kai kuma ba ka iya jure ƙyalle biyu saboda ni ba?"

"Gaskiyarki ne, rabin raina."

"Kada ka kira ni haka!"

"Ki yafe mini."

"Ba zan yafe ba! Sai ka tashi daga gadon nan, sannan in yi tunani!"

Ta faɗi a kan gwiwoyinta, ta kifa kai a gefen katifa tana kuka. Ya ɗora yatsunsa a kan mayafinta.

Mzee Sefu ya riga ya yi magana da likita a waje, ya san abin da ke tafe. Ya matso, ya dafa ƙarfen gadon.

"Ɗana, na yi maka alkawari. Idan har yanzu kana so, zan nemo liman."

"Mzee, ba ka ji abin da likita ya ce ba? Kada ka ɗaure ta da gawa."

"Ba kai za a tambaya ba," Zuhura ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Baba, je ka kira shi."

Bayan la'asar aka ɗaura, a gaban liman da direban lori da wani tela mai jinyar ƙafa a gadon kusa. Da aka tambayi sadaki, Dilawar ya sa aka kwance agogon hannunsa. Tela ya aika aka sayo alewa, aka raba wa marasa lafiya.

Kwana biyu ta yi tana jinyarsa. Tana ba shi ruwa da cokali, yana ba ta labarin tekun kudu, da wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai da gajimare ke kwanciya a kansa. Ranar Laraba da safe ya tambaye ta ko ta gama tunanin.

"Wane tunani?"

"Na yafiya."

"Na yafe tun a lori, wawa."

"To me ya sa kika bar ni ina ta fargaba?"

"Don ka ɗanɗana jira."

Ya yi murmushi. Kafin azahar ya cika.

A Dodoma aka binne shi. Zuhura ta koma Kisanga, ta shiga takaba a ɗakin da aka sa mata lalle. Nassoro ya koma gona da zama, bai ƙara taka filin ba. Mzee bai kai shi ƙara ba, saboda ɗan 'yar'uwarsa ne, kuma wannan ma Zuhura ta haɗiye.

Ranar da ta cika wata huɗu da kwana goma, Shangazi Mwamini ta shigo da kwanon shinkafa, ta zauna a bakin gado. Ta rame ita ma.

"'Yata, abin da ya faru ya faru. Yaron nan ba ya ci, ba ya barci. Kuskure ya yi, kuma don sonki ya yi shi. Ke yarinya ce. Auren kwana biyu a gadon asibiti ai ba aure ba ne. Ki bari a gyara zumunci..."

Zuhura ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta ajiye a gefe.

"Shangazi, ke kika rene ni, ba zan ɗaga miki murya ba. Ki gaya wa Kaka Nassoro ya ci abinci, ya yi barci. Tsakaninsa da Allah ne."

"To maganar auren fa?"

"Na yi aure, Shangazi. Da ɗanki ya kunna ashana ɗaya, da shekara arba'in zan yi a cikinsa. Kwana biyu ya bar mini, kuma ba zan ba shi ko kwana ɗaya daga abin da ya rage mini ba."